Alim mai "650 wat" da ta kasa ɗaukar RX 580 a wani shago na Zariya

Wanga bayani ne kan wata kwamfuta guda da anka kawo min gyara, kuma na ga ya kamata in rubuta shi dalla-dalla don matsalar ta zama ruwan dare nan Maradi tun da katunan girafik na hannu, wato katunan da ke sarrafa hoto a kwamfuta, sunka yi araha. Mai ita ƙanen wani abokina ne, yana da ɗan shago a unguwar Zariya inda yake montaj na bidiyon biki da suna, da marece kuma yaran unguwa su zo su buga wasan ƙwallo a kwamfutar su biya shi ɗan abin da ya samu. Inite ɗin Dell OptiPlex 7010 ce, doguwar, irin waɗanda ake kwasowa daga ofisoshin Turai, furosesa i5-3470, ram ya ƙara ta kai jiga 16, da SSD ƙarama ta Windows da kuma dis dur mai tera 1 inda yake jibge bidiyo. Ba ta da katin girafik na daban, da na cikin furosesa yake ta lallaɓawa, to in ya zo fitar da bidiyon biki mai tsawo sai ya bar ta ya tahi ya ci abinci ya yi salla ya dawo ba ta gama ba, wasa kuwa sai dai tsofaffi.

Sai ya tara kuɗi ya aika Kano, wani ɗan uwansu da ke zirga-zirga ta Dan Isa da Jibiya ya sawo mishi RX 580 mai jiga 8 a Beirut Road, okaziyo. Katin ga AMD ta fitar da shi a 2017, kuma dalilin da ya sa ya cika kasuwa shi ne masu haƙar kuɗin intanet sun saye shi da yawa, da Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan, ta daina tafiya da haƙa a watan Satumba na 2022 sai sunka zubar da su kasuwa da araha, har sunka iso mu. Kati ne mai kyau ga kuɗinshi, ba ni da ja a kan haka. Abu guda ne ba a faɗa ma mai saye: yana da ci. AMD da kanta ta rubuta wat 185, ta kuma ce a ba shi alimantasiyo mai wat 500, wato akwatin da ke raba ma kayan cikin kwamfuta wuta, wanda muke ce ma alim.

Da katin ya iso yaron ya buɗe inite, ya soka shi a raminshi, sai ya ga akwai wani baki mai rami 8 a gefen katin da ke neman waya, ya duba alim ɗin Dell ko'ina babu waya irin wannan. Ba laifinta ba ne, wat 275 ce, don aikin ofis anka yi ta. Sai ya shiga kasuwa, wani mai shagon kayan kwamfuta ya miƙo mishi sabuwar alim cikin kwali, an rubuta 650W da manyan baƙaƙe, sunan da ke jikinta ban taɓa jin shi ba, jika goma da ɗan wani abu. Ita ma ba ta da wayar katin girafik, amma mai shagon ya ce ai ba matsala, ya ƙara mishi da wata ƴar waya mai kai biyu na SATA, irin kan da ke kai ma dis dur wuta, a gefe guda, ɗaya gefen kuma mai rami 8. Ya haɗa, ta tashi, ya yi murna.

Abin da ya biyo baya shi ne ya kawo shi wurina. Windows na tashi lafiya lau, YouTube lafiya, ya yanka bidiyo ya jera lafiya, amma da ya danna fitarwa ko yara sun shiga wasa, ba a jimawa sai ekran ya yi baƙi ƙirin ta mutu ɗif, wani lokaci ta sake tashi da kanta, wani lokaci sai ya zare fish daga bango ya jira ya maida. Babu shuɗin allo, babu wani rubutu na gargaɗi. Kuma ya lura da safe takan ɗan jure, amma daga azahar zuwa la'asar ba ta da haƙuri ko kaɗan, lokacin kuwa watan Afrilu ne, kowa ya san yadda garin nan yake a Afrilu, zafi ya haura digiri 40 ga shagon rufin kwano. Shi dai ya riga ya yanke hukunci, ya ce min "yaya, katin nan gajiyayye ne, an yi haƙa da shi har ya mutu, maida shi zan yi." Kuma wanda ya sawo mishi har ya fara jin haushi don yana ganin za a ce ya ci amana.

Ban ƙi zancen nashi ba, don katunan haƙa akwai gajiyayyu da gaske, akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP wanda in ka bi diddigi kusan RX 570 ne da anka sauya ma suna. Amma kati mai ciwo yakan nuna kanshi ta wata hanya, ka ga zane-zane a ekran, ko ɗigo-ɗigo masu launi, ko direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ta faɗi Windows ta ce ta farfaɗo da ita. Mutuwa gaba ɗaya kamar an ɗauke kuran, kuma sai lokacin da kaya sunka yi nauyi, wannan ya fi kama da wuta ko zafi. To sai na fara da zafi don shi ya fi sauƙin cirewa daga lissafi: na sa GPU-Z da HWiNFO, manhajojin da ke nuna zafin kayan ciki, katin na kaiwa digiri 70 da ƴan kai kafin ta mutu, furosesa ma bai kai inda zai kashe kanshi ba. Na duba littafin abubuwan da sunka faru na Windows na ga Kernel-Power 41 a jere, wanda mutane ke ɗauka wata babbar shaida, alhali abin da yake faɗa kawai shi ne kwamfuta ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba, ko ɗauke kuran anka yi haka zai rubuta. Gwajin da ya yi magana shi ne na shiga manhajar AMD na ja iyakar wutar katin ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, sai ga shi ta daɗe sosai ba ta mutu ba. Daga nan na cire katin na sa shi a tawa inite ta gwaji mai alim ta kirki, na bar shi yana aiki da cikakken ƙarfi tsawon yamma, ko gezau. Kati lafiyarshi lau.

Sai munka juya ga alim. Abu na farko da na ɗaga ta, ba ta da nauyi, kamar gwangwanin da ba kome ciki. Na biyu takardar da ke liƙe a gefenta, wadda kusan ba wanda ke karantawa, kuma nan ne duk gaskiyar take. Alim ba wuta iri guda take fitarwa ba, akwai layin 3.3V, akwai na 5V, akwai na 12V, kowane da amper ɗinshi a rubuce ƙarƙashinshi. Kwamfutocin da, na wajen shekarar 2000, sun fi jan wuta ta 5V da 3.3V, amma na yanzu furosesa da katin girafik da fanka da motar dis dur duk 12V suke sha. Ita wannan an rubuta mata amper masu yawa a 5V da 3.3V, a 12V kuwa amper 18. Ka ninka 18 sau 12, wat 216 ke nan. Sauran 650 ɗin an tattaro su ne daga layukan da babu mai buƙatarsu, in ma da gaske akwai su. Kamar ka je sayen gero buhu 20, ɗan kasuwa ya ce yana da buhu 20 cif, da kunka shiga sito ka tarar 7 ne gero sauran ƙaiƙayi ne.

Yanzu ga abin da inite ɗin ke nema. Kati 185, furosesa i5-3470 Intel ta rubuta mishi wat 77, kartmer, wato babban allon da ake soka kayan ciki duka a kanshi, da ram da SSD da dis dur da fankoki ka ba su kamar 40 gaba ɗaya, ka ga mun tashi wajen 300, kuma mafi yawan wannan daga 12V zai fito. Ana neman kusan 300 wurin wadda ta ce 216 ne iyakarta. Ga wani abu kuma, katin girafik ba ya jan wuta a miƙe, yakan yi fizga na ɗan ƙiftawar ido ya wuce abin da anka rubuta mishi, shi ya sa masu kati ke cewa 500 ba 300 ba, suna barin sarari ne saboda wannan fizgar da kuma sanin cewa mutane za su sayi alim marasa kyau. Maganar azahar da la'asar ma ta fito fili: alim masu araha galibi ana auna ƙarfinsu a ɗaki mai sanyi wajen digiri 25, na kirki kuwa sukan rubuta cewa za su ba da cikakken ƙarfi har a digiri 40 ko 50. A cikin irin wagga Dell alim ɗin a sama take zaune, duk iskar zafin da kati da furosesa sunka fitar ita take shaƙa, ka haɗa da zafin shago da ƙurar hunturu da ta riga ta kwanta ko'ina, to 216 ɗin ma ba za ta kai ba.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali ba alim ɗin ba ce, ƴar wayar nan ce mai kai biyu na SATA. Ramin da ake soka kati a kartmer yana ba da wat 75, bai wuce nan. Waya mai rami 6 an ƙayyade mata 75, mai rami 8 kuma 150. Kan SATA guda an yi shi ne don dis dur, abin da zai iya ɗauka a 12V amper 4.5 ne, wato wat 54, biyu 108. Katin da ke cin 185, ko da ya sha 75 ɗin ramin duka, saura 110 dole ta waya za su biyo, kuma a aikace ya fi haka don ba ya shanye na ramin duka. Sannan yaron kawunan biyu a kan reshen waya guda ya soka su, don reshen guda ne da ita, siririya kuma. Da na zare na ga robar ɗaya kan ta fara yin ja-ja ta ɗan lanƙwashe, ka sunsuna ka ji ƙauri. Mutuwar da kwamfutar ke yi ita ta cece shi a gaskiya, da alim ɗin ta jure ta ci gaba da turo wuta, wayar nan ita za ta narke, shago kuwa cike da takardu da labule, yara na zaune. In za ku ɗauki abu guda daga cikin zancen nan, ku ɗauki wannan: kada wayar SATA ta kusanci katin girafik. Mai kai biyu na Molex, tsohon kan wuta mai rami 4, ta ɗan fi dama, amma ita ma alim ɗin da ba a yi mata wayar kati daga kamfani ba, yawanci ba a yi ta don ɗaukar kati ba ne.

To ya za a yi. Munka zauna da shi da yayanshi, na shimfiɗa musu hanyoyin da nake gani. Ta farko ya sayar da RX 580, ya sayi GTX 1650 ko GTX 1050 Ti, waɗanda wat 75 suke ci, daga rami kawai suke sha ba sa neman waya, ya maida alim ɗin Dell ta asali. Lissafi 75 da 77 da 40, bai kai 200 ba, mai 275 za ta ɗauka, ko da yake Nvidia mai katunan 300 ta rubuta. Sai dai a duba da kyau don akwai wasu 1650 masu neman waya mai rami 6. Da tun farko ni ya tambaya kafin ya aika Kano, wannan zan ce mishi, ko RTX 3050 mai jiga 6 da ta fito a 2024 mai cin wat 70 in kuɗin sun kai. Dalilina ba alim kaɗai ba ne. Bambancin wat 110 tsakanin katunan biyu, in shago na aiki da ƙarfi awa 8 a rana, a wata ya kai kilowat-awa 26, kuma duk wutar nan zafi take komawa cikin ɗaki, sannan ranar da za a koma kan gurup ko batirin sola kowane wat sai ka ji shi a aljihu. Amma 1650 jiga 4 gare ta kuma RX 580 ta fi ta ƙarfi a wasa, yaron ya ce shi ya riga ya ga yadda ƙwallo ke tafiya a 580 ba zai koma baya ba, ga asarar da zai yi wurin sayarwa. RX 6600 mai cin wat 132 ta fi su duka, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfinshi kuma ita ma sai an sauya alim, munka wuce ta.

Saura hanya ta biyu, a bar kati a sayi alim ta gaskiya. Nan ya yi sa'a da irin Dell ɗin da ke hannunshi, don 7010 doguwa babbar wayar kartmer ɗinta mai rami 24 ce irin ta kowa, kuma alim ta kasuwa na zama a mazauninta. Da 7020 ko 9020 ce da zance ya sauya, su kartmer ɗinsu baki mai rami 8 gare shi na Dell kaɗai, sai an nemo wayar juyi daga 24 zuwa 8, haka ma HP EliteDesk 800 G1 da bakinta mai rami 6. Masu siraran inite kuwa su manta da RX 580 gaba ɗaya, ko shiga ba zai yi ba, sai gajerun katuna irin RX 6400. Na faɗi wannan ne don mutane da yawa nan garin irin waɗannan kwamfutocin ke hannunsu, ka buɗe ka ƙirga ramukan kafin ka fidda ko dala.

Abin da na rubuta mishi a takarda ya tura ma mai sawowa ga shi. Wat 500 zuwa 550, bai buƙatar 750, kuɗin banza ne. A ɗauko hoton takardar gefe a turo ta WhatsApp kafin a biya, layin 12V ya kasance amper 40 ko fiye, wato kusan duk ƙarfin alim ɗin na nan a 12V. Ta zo da wayar kati tata ta kanta, mai rami 6 da ƙarin 2 a gefe, an rubuta PCI-E a kanta, kuma kada a rikita ta da mai rami 8 ta furosesa wadda ke rabuwa 4 da 4, sun yi kama amma ba jeri ɗaya ba ne. Sunan da anka sani, Corsair ko Cooler Master ko Seasonic ko makamantansu, kuma a jikin kwali a ga an lissafo kariya, OCP da OVP da OPP da SCP, su ne ke sa alim ta kashe kanta ita kaɗai maimakon ta tahi da kartmer da dis dur mai ɗauke da bikin mutane. Tambarin 80 Plus yana da amfani amma a san abin da yake nufi, tsarin da anka fara a 2004 ne, yana cewa aƙalla kashi 80 na wutar da ta ja daga bango za ta isa kwamfuta, Bronze ya ɗan fi haka. Ba shaidar inganci ba ce, kuma sitika kowa na iya bugawa ya liƙa, in kana shakka ka duba sunan samfurin a jerin da ke shafinsu.

Sai sharaɗin da ya shafi garinmu. Wutarmu 220 ce a takarda, amma lokacin zafi da kowa ya kunna fanka da firij da kilim, a wasu unguwanni takan sauka har ka ga ƙwan lantarki ya yi ja. Saboda haka na ce a duba wurin da anka rubuta wutar shiga, a ɗauko mai cewa 100 zuwa 240V, ita ko wuta ta sauka 180 tana cikin iyakarta, saɓanin mai cewa 200 zuwa 240V kaɗai wadda da an sauka sai ta fara wahala. Akwai samfura masu suna kusan iri ɗaya da ke zuwa kala biyun nan, sai an karanta. Masu jan maɓalli a baya na 115 da 230 kuwa tsohon tsari ne, ga haɗari, yaro guda ya tura shi zuwa 115 sai dai ka ji tas da hayaƙi.

Anka samo mishi mai wat 550 Bronze sabuwa, kuɗinta ya kusa rabin abin da ya biya a kati, ya yi ta ƙorafi, yayanshi ya cika mishi. Na ɗaura ta, sai da na ɗan yi dabara wurin kwantar da wayoyi don akwatin matsattse ne kuma katin dogo ne, na hure ƙurar ciki, na sauya man sanyaya na furosesa da na kati don na katin ya bushe ya zama gari. Na kuma bar iyakar wutar katin ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, a ido ba ka ganin bambanci a wasa amma zafi da ƙarar fanka sun ragu sosai. Munka gwada ta a shagon nashi da tsakar rana ba a wurina ba, don can ne za ta zauna, ya fitar da bidiyon wani biki mai tsawo daga farko har ƙarshe, yara sunka hau bayan la'asar har isha'i, ba ta ƙifta ba. Alim ɗin mai "650" ya so ya sayar ma wani, na ce in dai kwamfutar sakatariya ce mai buga takardu to, wayar SATA ɗin kuwa na sa almakashi na datse ta a gabanshi.

Abu guda ya rage wanda bai warware ba har yanzu, ondiler, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke kuran. Yana da mai 650VA tun da, kuma shi a zatonshi wat 650 ne, alhali irin waɗannan ƙananan wat 360 zuwa 390 suke ɗauka. Inite mai shan 300 a ciki, daga bango wajen 350 take ja saboda abin da ke salwanta a alim, ka ƙara ekran, an cika ta har baki, ga batirinta ya tsufa. Da anka ɗauke kuran yana tsakiyar fitar da bidiyo sai ta yi tsuwa ɗaya ta saki. Mai 1000 zuwa 1200VA yake buƙata, kuma in da hali wadda ke fitar da wuta mai santsi, don wasu alim na zamani ba sa shiri da wutar ƙananan ondiler lokacin da sunka koma kan batir. Ya ce sai bayan bukukuwan salla in aiki ya shigo. Kafin nan ya sa regilater tsakanin bango da inite saboda hawa da saukar wuta, ya maida ƙaramar ondiler ɗin kan ekran da akwatin wifi, ya kuma saita manhajar montaj ta riƙa ajiye aiki da kanta kowane minti 5.